Maigidana yana ta bayarwa a coci, ni kuma ina kwana da lissafin kuɗin haya

Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan saƙon daga Kaduna, na ɗan taƙaita shi amma ban canja maganarta ba:

"Mama salama. Shekararmu ɗaya da wata takwas da aure, ina da ciki wata shida. Maigidana malami ne a makarantar kuɗi, albashinsa dubu 55, ni kuma ina ɗinki a gida amma aiki ya ja baya sosai. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya shaye-shaye ba ya bin mata, sai dai hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Zakka da yake fitarwa ban taɓa hana shi ba, amma ranar gidauniyar ginin coci ya miƙe ya yi alkawarin dubu 100 bai gaya mini ba, a lasifika na ji kamar kowa. Kwanan nan na gano ya ci bashin dubu 40 a waya dan ya fara biya, yanzu suna neman dubu 58. Haya ta kusa, ko zanen goyo ban saya ba. Da na yi magana sai yace bangaskiyata ce ƙarama, wai ai gwauruwa duk abin da take da shi ta bayar. Gaskiya na fara ɓoye kuɗin ɗinki a wurin ƙanwata. Mama ni ce marar bangaskiya? Ina tsoron kar in hana gidanmu albarka."

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance da ke, Allah ya sauke ki lafiya. Bari in fara amsa abin da ya fi damun ki kafin mu shiga dogon zance: a'a, ba rashin bangaskiya ke damun ki ba. Mace mai ciki wata shida da take tunanin inda za ta haihu da abin da za ta naɗe jariri da shi, hankali ne Allah ya ba ta, kuma shi wanda ya sa ɗan nan a cikinki shi ne ya sa miki wannan damuwar dan a shirya masa. Sau uku na karanta saƙonki, wurin da kika ce kina tsoron hana gidanku albarka shi ya fi taɓa ni, dan na san mata da yawa a zumuntar matan coci da suka haɗiye magana shekara da shekaru sabida wannan tsoron har sai da abu ya ƙwaɓe aka zo ana neman sulhu a gaban dattawa.

Kuma kar ki ɗauka zan zauna in zagi maigidanki, ba zan yi ba. A wannan zamanin da kowa ya dunƙule hannu, a samu saurayi mai albashin dubu 55 da zuciyarsa ke motsi in an ce aikin Allah, wannan abin godiya ne, akwai matan da ke kuka a gaban Ubangiji dare da rana dan mazansu su zama haka. Hannunsa buɗaɗɗe kada ki yi addu'a ya rufe. Abin da ya lalace ba bayarwar ba ce, abu biyu ne, ya bayar da abin da ba nasa ba, kuma ya yi a bayan idonki.

Ki duba lissafin da kyau. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai wajen dubu ɗaya, kuma kin san in fetur ya motsa komai sai ya bi shi, kuɗin keke, mudun masara, gawayi, har zaren da kike ɗinki da shi, masu kawo miki ɗinkin ma sun koma gyaran tsofaffin kaya dan ciki ya riga jiki. Gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi dubu 70 a watan Yulin 2024 amma malaman makarantun kuɗi da yawa labarin kawai suka ji. To albashin maigidanki ko wancan bai kai ba, alkawarin da ya yi kuwa ya kusa albashinsa na wata biyu cur, ba ci ba sha ba kuɗin mota. Wannan ba sai an yi wahayi ba kafin a san ba zai fita daga aljihunsa ba.

Tunda da gwauruwa ya kafa miki hujja, to mu je wurin gwauruwar. Ku buɗe Markus sura 12 ku biyu, amma kar ku fara daga aya 41 inda aka saba farawa, ku ja baya zuwa aya 38. A can Yesu yana gargaɗin mutane ne a kan malaman Attaura masu son yawo da manyan riguna, masu son a gaishe su a kasuwa, masu son kujerun gaba a majami'a, ya ce su ne ke cinye gidajen gwauraye suna kuma doguwar addu'a dan a gani. Yana gama wannan maganar ne ya je ya zauna daura da inda ake zuba baiko, sai ga matar nan da aninanta biyu. Ni dai tun da na lura da wannan jerin ban ƙara iya karanta labarin a matsayin bulalar dukan talaka ba. I, Yesu ya yabe ta, ya ce ta fi kowa bayarwa, ba wanda zai ja da wannan. Amma ki lura 'yata, aninan nan nata ne, ba ta je ta ranto ba. Ba a kira sunanta ba, ba a tafa mata ba, da Yesu bai kira almajiransa ya nuna musu ita ba da ba wanda zai san ta zo wurin ma. Kuma abin zamanta ta bayar, nata na kanta, Littafi bai ce ta ɗauki abincin wani da ke ƙarƙashinta ta zuba ba. Maigidanki kuwa kuɗin masu bashi ya kai, da kuɗin awon cikinki, a gaban lasifika. Ba labari ɗaya ba ne.

Akwai ma wata gwauruwar da ba a cika wa'azi a kanta ranar gidauniya ba, tana 2 Sarakuna sura 4. Mijinta ɗaya ne daga cikin ƙungiyar annabawa, ita da bakinta ta shaida wa Elisha cewa mai tsoron Ubangiji ne, amma ya mutu ya bar bashi, ga mai bin bashin yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Kinga mutum zai iya zama mai tsoron Allah na gaske kuma ya jefa iyalinsa cikin wannan halin. Elisha bai ce mata kawo ɗan man da ya rage ki shuka a wurina ba, tambayarta ya yi me kike da shi a gida. Da Allah ya yawaita man kuma, umurnin da aka ba ta shi ne je ki sayar, ki biya bashinki, ke da 'ya'yanki ku rayu da sauran. Bashi tukuna, sannan abinci. Annabin Allah ne fa ya tsara haka.

Abin da ke sa ni hawaye kuma shi ne Luka 2:24. Da Maryamu da Yusufu suka kai jariri Yesu Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu aka ambata. Je ki duba Littafin Firistoci 12:8, za ki ga ɗan rago ake kawowa, tsuntsayen nan sassauci ne ga matar da ba ta da halin rago. Wato gidan da Allah ya zaɓa ya sa Ɗansa, sababbin aure ne masu jariri a hannu kamar yadda za ku zama nan da wata uku, kuma baikon talakawa suka kawo, Yusufu bai je ya ci bashin rago dan kar a raina shi ba, Allah kuma ya karɓa. A sura 5 ta Firistoci ma an ce wanda bai iya tsuntsayen ba ya kawo gari. Allahn da ya sauko har kan mudun gari dan kar talaka ya ji kunyar zuwa gabansa ba shi ne zai tura malamin makaranta wurin masu ba da bashi da ruwa ba.

Na yi shekaru ina ma'ajin zumuntar mata a ikilisiyarmu a Jos, ina kuma cikin masu ƙirga baiko bayan sujada, to abin da zan gaya miki da idona na gani. In an juye jakar a kan tebur za ki ga sababbin takardu miƙaƙƙu, za ki kuma ga 'yan naira ashirin da hamsin da aka nannaɗe ƙanana kamar laya, wasu da danshi dan tun daga gida suke dunƙule a hannu, wasu da alamar ƙullin bakin zane, sai an zauna an warware su ɗaya bayan ɗaya ana shafa su a cinya kafin su ƙirgu. Akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai da na gane nata dan kullum yana ƙanshin mai. Ba ta taɓa miƙewa ranar gidauniya ba, ba ta kuma taɓa fashi ba ko Lahadi ɗaya. Littafin alkawura kuwa, wanda ake rubuta sunayen waɗanda suka miƙe aka tafa musu, in kika buɗe shi bayan shekara sai jikinki ya yi sanyi, kuma yawancinsu ba maƙaryata ba ne, mutanen kirki ne da zafin wurin ya ɗebe su, mai gabatarwa yana cewa wa zai ba da dubu ɗari, ganga na tashi, abokinka na kusa da kai ya miƙe, kai kuma kana cikin kwamitin matasa kowa na kallonka. Na san waɗanda suka daina zuwa sujada gaba ɗaya dan kunyar haɗa ido da sakatare. Gini ya tashi, mutum ya ɓata. Ni a ganina mu shugabanni muna da alhaki a nan, kuma na sha faɗa a taron kwamiti cewa a daina kiran adadi a lasifika, a raba ambulan kowa ya je gida ya yi shawara da iyalinsa.

Yanzu dan kar in yi wa maigidanki rashin adalci, akwai nassin da ke gefensa. A 2 Korintiyawa sura 8 Bulus ya yabi ikilisiyoyin Makidoniya cewa suna cikin tsananin wahala da baƙin talauci amma suka bayar iyakar ƙarfinsu har fiye da ƙarfinsu, su ne ma ke roƙo a karɓa. Wannan gaskiya ne, kuma mu a arewa mun ga irinsa. A ƙarshen 2014 da Boko Haram suka ci Mubi suka kuma shiga hedkwatar ikilisiyar EYN a Kwarhi, mutane suka watsu zuwa Yola da Jos da sauran wurare, gidajen da suka karɓe su ba na masu kuɗi ba ne kawai, mai ɗaki biyu sai ka tarar mutum goma sha a gidansa, ana ƙara ruwa a miya, yara na kwana a tabarma a falo. Bayarwa mai zafi kenan, kuma ba zan taɓa ce wa Kirista ya jira sai ya yi arziki kafin ya bayar ba. Amma a wannan surar dai, aya 12, Bulus ya ce in niyya tana nan abin karɓa ne gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Aya ta gaba ya ƙara da cewa ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata muku ba. Waɗanda suka karɓi 'yan gudun hijira ɗakinsu suka raba da tuwonsu, abin da ke hannunsu, kuma mata da miji ne suka yi tare dan matar ce ke tuƙa tuwon. A sura 9 aya 7 kuma aka ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba, gama Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai. To ku biyu tun ranar da aka ɗaura aurenku jiki ɗaya ne, in rabin jikin yana murna a gaban bagade rabin yana kuka a kicin, ina daɗin ran yake?

Akwai tambayar da nake so ki yi masa in kun zauna, a hankali ba da gatse ba: me yake sa rai zai faru in ya cika dubu ɗarin nan? Dan wa'azin shuka iri ya cika gari yanzu, a rediyo, a Facebook, a WhatsApp, ana gaya wa matasa ka shuka dubu goma ka girbe dubu ɗari, in abin bai zo ba a ce bangaskiyarka ce ba ta kai ba ka ƙara. Namijin da ke kallon cikin matarsa na girma albashi kuma ba ya motsi, tsoro na cinsa ko bai faɗa ba, irin wannan wa'azin kuwa a kan tsoro yake kamawa. Mai yiwuwa ne maigidanki ba burga ya je yi ba, ƙofa yake nema muku ya ga kamar wannan ce. In haka ne ki tausaya masa amma ki gaya masa gaskiya, Allah ba ɗan kasuwa ba ne. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi dan ya sayi baiwar Allah, a Ayyukan Manzanni sura 8, kin san amsar da Bitrus ya ba shi ba mai daɗi ba ce. Bulus da kansa ya san yunwa ya san ƙoshi, ya yi sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa, ba wanda zai ce bangaskiyarsa ce ƙarama. Muna bayarwa ne dan an riga an ba mu Kristi kyauta, ba dan mu ɗaure Allah da bashi ba. Sannan Yesu ɗin nan a Markus 7 ya tsauta wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah, Bulus kuma ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba balle iyalin gidansa ya musunci bangaskiya. Ashe ciyar da ke da biyan haya ba kishiyar aikin Allah ba ne, yana cikinsa.

To ke ma 'yata ga naki, kuma ki yi haƙuri dan sai na faɗa. Kuɗin da kike kaiwa wurin ƙanwarki, na fahimci dalilin, uwa ce ke kare ɗanta, ni ma da nake ƙuruciya da wuya in ce ba zan yi ba. Ajiyar kanta daidai ce, ɓoyewar ce ba daidai ba. Yanzu gidanku ya zama shi yana da bashin da ba ki sani ba ke kina da asusun da bai sani ba, aure ko shekara biyu bai yi ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da ya ji a bakin wani, maganar bashinsa za ta mutu, taki ce za ta zama abin faɗa. Ki riga kowa gaya masa. Ban ce ki ɗauko kuɗin ki damƙa masa ba, a'a, ki ce masa ga abin da na tara, ga inda yake, na haihuwa ne, na ɓoye ne dan na ji tsoro kuma na gane bai kamata in ɓoye maka ba. In kika fara da buɗe naki kin sauƙaƙa masa buɗe nasa, namiji ya fi iya sauke kai in ba a tsaye ake a kansa ba.

Zaman nan kar ki yi shi ranar Lahadi bayan an dawo sujada, kar kuma ki yi lokacin da masu bashin suka gama kiransa. Ki bari ya ci abinci, ku yi addu'a, ki ɗauko takarda da biro, shi malami ne ya san lissafi, ki bar shi ya rubuta da hannunsa: abin da ke shigowa, haya, abinci, kuɗin mota, awo, kayan haihuwa, bashi. Mutane da yawa ba su taɓa ganin rayuwarsu a takarda ba, in ya ga lambobin da idonsa ba sai kin yi dogon bayani ba.

Bashin nan na manhajar waya shi za ku fara kashewa, da gaggawa, dan dubu 40 da ta zama 58 ba za ta tsaya a nan ba. Kuma wasunsu in an makara sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna tura saƙon cin mutunci ga abokan aiki da 'yan'uwa har da fasto, abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara kai musu samame a 2022, kuma tana karɓar ƙorafi in suka yi muku haka. Kar ya kuskura ya ci na wata manhajar dan ya biya wannan, ramin nan ba shi da ƙasa. Gara ya cire kunya ya nemi shugaban makarantarsu ya ba shi wani abu daga albashi a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, ko in malamai suna adashi ya roƙi a ba shi ɗauka ta kusa, ko wani babba a dangi ya ranta masa ba ruwa. Mai gidan haya kuma a je masa tun kafin ranar ta zo, da wani abu a hannu ko yaya, an fi jin maganar wanda ya zo da kansa a kan wanda aka je nema.

Alkawarin coci fa? Alkawari ne, ban ce a share shi kamar ba a yi ba, Littafi ya ɗauki wa'adi da nauyi. Amma ku je wurin fasto ko ɗaya daga cikin dattawan da kuka yarda da shi, ku biyu, maigidanki ya faɗa da bakinsa: na yi alkawarin da ya fi ƙarfina, na ci bashi mai ruwa na kawo dubu 40, matata ta kusa haihuwa. Ya nemi a ba shi lokaci mai tsawo ya riƙa kawo abin da ya samu bayan an haihu, ko a bar shi ya biya sauran da ƙarfinsa. Ai majami'un da iyayenmu suka gina a ƙauyuka, na ECWA ne ko COCIN ko HEKAN ko Baptis, ba da alat na banki aka gina su ba, maza ke buga tubali mata na ɗebo ruwa matasa na kwaɓa ƙasa, a yi gayya a nome gonar ikilisiya. Shi zai iya ɗaukar bulo ranar Asabar, zai iya koyar da yaran ikilisiya darasi lokacin hutu, ke in kin warware kya iya ɗinka labulen bagade ko kayan mawaƙan coci. Makiyayi na gari in ya ji wannan labarin shi zai fara cewa ɗana bar maganar nan tukuna je ka kula da matarka. In kuwa aka ce muku sai kun cika ko da bashi in ba haka ba la'ana za ta bi ku, to ku nemi wani dattijo mai hankali ku sake shawara, dan wannan ba muryar makiyayi ba ce.

Maganar zakka kuwa, na san ikilisiyoyi sun bambanta kuma ba zan sa ki faɗa da koyarwar cocinku ba. Ni dai ra'ayina kar ku daina bayarwa ɗungum, dan hannun da ya saba rufewa lokacin wahala da wuya ya buɗe lokacin yalwa, na ga haka a mutane da yawa. In ku biyu kun yarda za ku iya ci gaba da ushirin nan, dubu biyar da ɗari biyar a wata, ku ci gaba da farin ciki. In kun zauna kun ga na 'yan watannin nan sai an rage har a kashe bashi a haihu, ku rage, ku faɗa wa Ubangiji a addu'a kamar 'ya'ya a gaban uba, kar wani ya tsorata ku da Malakai 3 kamar Allah ɗan sanda ne a bakin ƙofa. A Maimaitawar Shari'a 14:28-29 zakkar kowace shekara ta uku ajiye ta ake yi a gari dan Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi, wato tun asali an shirya ta ne har da ciyar da wanda ba shi da shi. Abin da nake so ku ɗaure a tsakaninku ɗaya ne, daga yau ba mai yin alkawari ko ba da wani abu mai nauyi sai ya ji ta bakin ɗayan, ko an miƙo masa makirfon ya ce zan yi shawara da iyalina. Ku kuma ware ɗan abu ko naira ɗari biyar ce a wata, a gwangwani, wanda shi zai iya ba duk wanda zuciyarsa ta motsa a kai ba sai ya tambaye ki ba, dan mutum irinsa in aka toshe masa hanya gaba ɗaya zai koma yi a ɓoye.

Saura abu guda, kuma shi ya fi wa masu hannu buɗaɗɗe wuya. Shekarunmu na farko da aure an taɓa riƙe albashin maigidana wata da watanni, ina goyon 'yarmu ta fari, mun kai inda nake dafa kunu da rana in ce na dare ne ma. Ba wanda na gaya wa, ranar Lahadi in ɗaura zanena mai kyau in je in yi waƙa. Wata ranar Alhamis da asuba na buɗe ƙofa sai ga rabin buhun masara jingine da bango, da ƙullin daddawa da kuka a leda a kai, an ɗaure bakin buhun da tsumman atamfa. Atamfar na gane, irin ta zumuntarmu ce. Na tsaya a wurin ina kuka, kuma ba kukan godiya ba ne da farko, kunya ce, wai an gane. Maigidana ne ya fito ya ɗauki buhun ya shigar, yace mun sha kai wa wasu, yau Allah ya ce mu ne za a kawo wa, in muka ƙi mun hana su abin da mu muke jin daɗin yi. Har yau ban san wace ce ta lura ba.

Ku ma wannan lokacinku ne na karɓa, kuma Bulus ya faɗa a 2 Korintiyawa sura 8 ɗin nan, yalwar wasu yau ta biya rashinku, wata rana taku ta biya nasu. Dan haka kar ki fasa zuwa awo ko sau ɗaya dan kuɗi, kuma kuɗin haihuwar nan kar a taɓa shi ko da wane dalili, haihuwar fari ba a san yadda za ta zo ba, wani lokaci sai an nemi jini ko an yi aiki. Ranar da zumuntar mata ke taruwa a cocinku ki je, in an tashi ki ja shugabar gefe ki gaya mata watan cikinki da abin da babu, akwai zannuwan goyo da kayan jarirai a akwatunan matan nan da 'ya'yansu suka girma suka bari, akwai kuma masu neman tela. Zan sa ku a addu'a ke da shi da abin da ke cikinki. In kun yi zaman nan ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da ya ce da ya ga lissafin a takarda.